Ɗigo Uku a Gadar Makurdi

Tun kuna ƙanana kuke tambayata dalilin da ya sa uwar maƙerar kakanku take gidan Baffa Tanko a unguwar Bukan Sidi, ana ɗaure akuya a jikinta, alhali ni ne ɗansa na fari, ni ne kuma na gaji ƙira. Amsar da kuka saba ji a gidajen biki da suna ita ce wai ubanku ya ɗauki uwarsa tana cikin takaba ya kai ta yawon buɗe ido. Ban taɓa musa wannan magana ba, domin akwai gaskiya a cikinta. Sai dai rabin gaskiya ce, rabin da ya fi daɗi a bakin 'yan tsegumi. Yanzu da gwiwa ta ƙi, hannu kuma ya daina ɗaga masaba, gara in rubuta muku sauran da kaina kafin wani ya ƙara mata gishiri bayan raina.

Kakanku Malam Garba daga Zariya ya gangaro yana saurayi, ko gemu bai fara ba. Kafin ya zauna a Lafiya ya yi shekara biyu a Makurdi, lokacin da ake gina tsohuwar gadar jirgin ƙasa a kan kogin Binuwai. Aikinsa zuga wuta: ya gasa manyan kusoshi su yi jajir, ya miƙa wa masu guduma da awartaki su dasa a jikin ƙarfe. Ya ce wata rana mai kula da su ya juya baya, shi kuma ƙuruciya ta ɗebe shi, ya ɗauki tsinken ƙarfe ya buga wa kan wata kusa ɗigo uku tun tana da zafi, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kamar duwatsun murhu. Alamar da ya ci gaba da bugawa ke nan a kan kowace garma da fartanya da ta fita daga maƙerarmu, har manoman doya daga Doma zuwa Keana ba sa sayen garma sai sun shafa sun ji ta. Kuma kullum wuri ɗaya yake faɗa, bai taɓa canzawa ba: ginshiƙi na biyar daga tsallaken arewa, gefen da ruwa ke gangarawa, daidai gwiwar mutum.

Ba wanda ya yarda. Gadar da ake zuwa kallo daga ko'ina, a ce akwai hannun wani maƙerin fartanya a jikinta? Aka laƙaba masa Mai Gada, sunan ya bi shi har kabari. Shugaban masu tsokanar kuwa ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Baffa Tanko, wanda ke riƙe da tashar motar Makurdi a nan Lafiya. In ya zo wucewa ta ƙofar maƙera sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Yaya, damina ta kusa fa. Yaushe za ka je ka kwaso gadarka kada ruwa ya ci ta?"

Baba sai ya yi murmushi ya ci gaba da dukan ƙarfe. Direbobin Baffa kullum suna tsallake kogin nan, amma wa zai ajiye mota ya je ƙirga kusoshi saboda labarin tsoho? Ni ma, kada in wanke kaina, na sha yin dariyar tare da su. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa dariya ba, Inna, kakarku. Baba ya yi mata alkawarin zai kai ta ta gani da idonta. Kowace shekara sai ya ce bayan kaka, in kaka ta zo aikin lauje ya taso, sai ya ce bayan Sallah. A haka suka yi shekara arba'in, har ranar da ya jingina da bangon maƙera ya ce kansa na juyawa, bai sake tashi ba.

Dama tun kafin rasuwar idon Inna ya fara dushewa. Kwana biyu bayan sadakar arba'in na kai ta asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, ba yana ba ce balle a kankare. Da muka dawo ta zauna a tabarmarta a ɗakin Baba, cikin tsohon zane, ba kwalli ba ɗankunne, ga 'yar wuƙar da masu takaba ke riƙewa a gefenta. Wuƙar ma ƙirar Baba ce. Ta kira ni yadda ta saba, domin ɗan fari ne ni, sunana ba ya fita a bakinta.

"Kai. Wata nawa ya ce?"

"Inna, Allah ne masani."

"Na san Allah ne masani. Likita fa, me ya ce?"

"Wata biyu. Ko ƙasa da haka."

Ta lanƙwasa yatsu tana ƙirgawa.

"Saura wata uku in fita takaba. Ka ga ke nan ranar da zan fita, ba abin da zan gani. Ka kai ni gadar nan."

Na ce mata ta yi wa Allah ta bar maganar. Na ce mutane za su cinye mu ɗanye. Ta ce mutane sun yi shekara arba'in suna cin mijinta ɗanye, tana kallo, ba ta da abin da za ta mayar musu. Ta ce ba ta roƙe ni komai ba tun da ta haife ni, wannan ne na farko. Gaskiya ta faɗa. Na fita na zauna a maƙera ina hura wutar da ba ni da abin gasawa a cikinta.

Washegari na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi ko mai takaba tana iya fita. Ya ce da rana, don lalura, tana iya fita, amma kwana sai a ɗakin mijinta, wannan ba sassauci. Ban tambaye shi ko ganin gada lalura ce ba, domin na san abin da zai ce. Na yi rabin tambaya, na karɓi rabin amsa, na yi godiya na tashi. Wannan laifi nawa ne, kuma ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba.

To, sharaɗi ɗaya ya rage mini: in kai ta in dawo da ita a yini ɗaya, ba tare da Baffa ya sani ba. Mota ba ta taso ba, tunda kowace tasi mai zuwa Makurdi a gaban bencinsa take lodi. Sai jirgin ƙasa. A wancan zamanin jirgi na ratsa Lafiya, ba kamar yanzu da ciyawa ta rufe layin ba. Rana ɗaya ce a mako jiragen biyu ke dacewa: mai gangarawa Fatakwal ya wuce mu da safe, mai hawowa arewa kuma ya tashi daga Makurdi ƙarfe huɗu na yamma. Na aika saƙo ga Oga Terna, wani Batibi mai gyaran layin jirgi a Makurdi, tsohon mai sayen garma a wurin Baba, domin an ce masu gadin gadar ba sa barin baƙo ya tsaya yana lalube a jikinta sai da ɗan gida. Uwarku kuma na bar mata aikin da har yau ba ta yafe mini ba, wato duk wanda ya zo gaisuwa ta ce mun koma asibiti.

Jirgin ƙarfe bakwai bai iso ba sai tara ta gota. Awa biyun nan na yi su ne a bayan tulin buhunan gari, na zaunar da Inna ta ja mayafi har hanci, duk wanda ya yi tari sai in ji kamar Baffa ne. A cikin tarago muka samu wuri kusa da wata mai gishiri daga Keana. Ta dubi zanen Inna, ta dubi wuƙar da ke hannunta, ta ce:

"Mama, Allah ya ji ƙan mai gida."

Inna ta ce amin. Matar kuwa ta yi ta satar kallona har Agyaragu, irin kallon da ake yi wa wanda aka kama da akuyar da ba tasa ba. Jirgi kuwa kamar ya san ina sauri. Ya tsaya a Agyaragu aka yi ta loda doya, ya tsaya a Udei ba wanda ya san dalili, ya sake tsayawa a tsakiyar daji. Ina duba agogo, Inna tana jan carbi. Sai da rana ta take tsaka muka ji ƙarar ƙafafun jirgin ta canza, ta koma kamar ana buga babbar ganga, iska mai sanyi ta shigo. Inna ta miƙe ta manna fuskarta a taga. Ƙarafa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ga ruwa shimfiɗe a ƙasa har inda ido ya tsaya. Na tambaye ta me take gani.

"Inuwa, haske. Inuwa, haske," in ji ta. "Ita ce?"

Na ce ita ce. Ta koma ta zauna.

Ƙarfe ɗaya saura muka sauka. Oga Terna na tsaye da hular ma'aikata, ya durƙusa har ƙasa ya yi wa Inna ta'aziyya. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma a ranar na so in shaƙe shi. Shi a ganinsa matar Mai Gada ta zo garinsu, abin kunya ne ta koma ba ta ga komai ba.

"Mama, kai zo Makurdi yau, dole kai ga duka. Gada yana nan, ba ya gudu. No wahala."

Na ce masa jirginmu ƙarfe huɗu ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ja mu bayan tasha ya nuna mana tsohon kan jirgi mai cin kwal, ya ce shi ya fara tsallake kogin, ya sa Inna ta taɓa ƙafarsa. Daga nan ya gangara da mu bakin ruwa wurin tsofaffin kantunan Turawa, inda ake auna riɗi da gyaɗa a da, ya tsaya yana bayanin kowace ƙofa. Ya kai mu jikin katangar maƙabartar waɗanda suka mutu a aikin gadar, Inna ta tsaya daga waje ta yi musu addu'a. Kowane wuri minti biyar nake ba shi, shi kuma ya ci goma sha biyar. Ban iya yi masa tsawa ba, domin in ya yi fushi ba mu da mai shigar da mu. Muka yi azahar a gurguje a masallacin unguwar Wadata, matarsa kuma ta aiko da sakwara, ya rantse ba za mu taka gada da yunwa ba. Na haɗiyi loma uku ban san ɗanɗanonta ba. Abubuwan tarihin da mutane ke kashe kuɗin mota su zo gani, ni a guje na wuce su, ba abin da na riƙe sai fuskar agogona.

Uku saura kwata muka hau gadar. A lokacin motoci sun koma sabuwar gada, sai masu ƙafa da masu keke ke bin 'yar hanyar gefe. Mu daga kudu muka shigo, ginshiƙin da muke nema kuma yana can kusa da tsallaken arewa, don haka sai da muka taka kusan dukan tsawonta. Akwai wuraren da katako ya tsage, kana hango ruwa yana murɗawa a ƙasa. Na riƙe hannun Inna ina gaya mata inda za ta sa ƙafa. Da muka isa Terna ya ƙirga, na ƙirga, muka tabbatar na biyar ne. Na duba daidai gwiwa. Ni duk tsawon rayuwata kusa ɗaya nake hangowa in Baba na ba da labari. Ashe a wurin nan kaɗai sun fi ɗari, jere bisa jere, kowacce da kai kamar rabin lemon tsami, kuma an yi ta shafa musu fenti shekara da shekaru har sun zama sumul, ba ka bambance wannan da waccan.

Na tsugunna na bi su da ido, layi-layi, na koma na sake. Babu komai. A raina na ce shi ke nan, Baffa ne mai gaskiya, na ɗauko tsohuwa daga ɗakin takaba don ta zo ta ga ƙaryar mijinta. Wani irin haushin Baba ya kama ni, mutum yana kabari ina jin haushinsa. Inna kuwa sai ta tattare zane ta durƙusa a kan ƙarfen, ta ɗora yatsu a kan kusa ta farko. Shekara arba'in ita ke jera garemani a kasuwa, ta san alamar nan a hannu fiye da yadda na san ta a ido. Ta shafa, ta matsa. Ta shafa, ta matsa. Ba ta sauri.

Uku da minti ashirin na ce mu tafi. Daga inda muke zuwa tasha, a tafiyar Inna, rabin awa ce.

"Isa, kai zauna," in ji Terna, yana kiran sunana. "Wannan jirgi? Shekara goma sha tara ina aiki a layi, ban ga shi ya zo ƙarfe huɗu ba. In ya zo shida, mun gode Allah."

Na yarda da shi, kuma ba don shi ya faɗa ba. Duk ɗan Lafiya da haka ya tashi. In an ce jirgi ƙarfe huɗu, mata sai sun ɗora tuwo sun sauke kafin a kama hanyar tasha. Ni da kaina na yi awa biyu a bayan buhunan gari da safiyar ranar. Lattin jirgi a wurinmu abin dogaro ne kamar fitowar rana, da shi muke lissafi. Na ce to, a ƙara mata rabin awa. Na koma ina taya ta shafawa daga ɗaya gefen, ko da yake yatsuna sun yi kanta, ba abin da suke ji.

Huɗu saura minti goma muka ji kukan jirgi daga wajen tasha.

Terna ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce wataƙila na kaya ne. Kukan ya sake tashi, dogo, irin na jirgin fasinja in ya shigo tasha. Na san yakan tsaya kamar minti goma sha biyar. In na goya Inna na yi gudu, mai yiwuwa mu kama taragon ƙarshe. Na damƙi hannunta na ce ta tashi.

"Sake ni."

"Inna, jirgi ya zo. In ya tafi mun shiga uku."

"Na ji shi, ba kurma ba ce ni. Saura layi biyu. Sake ni."

Ina da ƙarfin da zan ɗaga ta kamar buhun gawayi, kuma da na yi haka da yau uwar maƙera na gidan nan. Na dube ta a durƙushe, goshi duk gumi, idanun nan da suka kusa mutuwa a buɗe suna kallon abin da ba sa gani. Na tuna wannan ce fitarta ta ƙarshe da sauran haske. Ba wanda ya tilasta ni, ba kuma kuskure ba ne daga nan. Da sanina na buɗe hannuna na sake ta.

Ta ci gaba. A layi na ƙarshe, kusa ta huɗu daga gefe, yatsanta ya tsaya. Ta koma baya ta sake shafawa. Sai ta zaro wuƙar takaba ta fara kankare fentin. Mai gadi ya hango daga nesa ya fara ihu, Terna ya ruga ya tare shi yana ba shi haƙuri da yarensu. A daidai nan ƙarfen da muke kai ya fara rawa. Jirginmu ne ya hau gadar. Na rungume Inna ta baya na manna mu da shingen ƙarfen gefe, ita kuwa ba ta ɗauke hannu daga kan kusar ba. Ya zo ya wuce mu da tazarar da ba ta fi hannu biyu ba, tarago bayan tarago, zafin inji da ƙara har cikin haƙora, mutane na leƙowa ta taga suna nuna mu. Na ƙirga taragon da ya kamata mu kasance a ciki. Ina kallo ya ƙarasa tsallaken arewa, ya sha kwana ya nufi Lafiya.

Da ƙarar ta lafa na ji wuƙa na ci gaba da aiki. Fentin ya ɓare kamar ɓawon rogo, baƙi, ja a ƙarƙashinsa, wani baƙin kuma. Ta hura. Ta kai fuskarta har hancinta na taɓa ƙarfen, ta karkata kai ta gefen da idon ke da sauran gani. Na leƙa ta kafaɗarta. Ga su nan, biyu a ƙasa ɗaya a sama, ɗaya ya ɗan karkace kamar na mai sauri kada a kama shi.

"Garba," in ji Inna.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Malam take cewa, ko mai gidan nan. Ta faɗe shi sau ɗaya, a hankali, kamar yana tsaye a wurin. Ni kuwa da na yi shekaru ina dariya da masu dariya, na zauna a kan katakon gada na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Amma tsugunne ba ta ƙare ba, rana ta karkata. Terna, cike da kunya, ya kawo shawara. Ya ce mu kwana a gidansa, Inna ta kwana da matarsa, da sassafe akwai motar doya ta wani abokinsa da ba ta shiga tasha, za ta sauke mu a bayan gari. A ce asibiti ne suka riƙe ta kwana ɗaya. Wa zai bincika? Wallahi shawarar ta yi mini daɗi, domin ita ce kaɗai za ta fitar da ni. Ɗaya hanyar ita ce tasi, kuma kowace tasi mai zuwa Lafiya ta yaran Baffa ce. Inna ta goge wuƙarta a gefen zane ta ce:

"Kwana arba'in da tara ban kwana a ko'ina ba sai ɗakinsa. Yau da na tabbatar bai yi mini ƙarya ba, ba zan fara yi masa ba. Amma kai za ka sha dukan, ba ni ba. In ba za ka iya ba, faɗa mini."

Na ce mu je tasha.

Direban da ke kan layi Ɗanladi ne, yaron Baffa na hannun dama. Ya gan mu ya buɗe baki don mamaki. Na kama wa Inna kujerar gaba ita kaɗai don kada wani namiji ya matse ta. Na ce masa ina so magariba ta yi mana a Lafiya. Ya dubi rana, ya dubi wuƙar da ke cinyarta, ya gane. Bai jira motar ta cika ba. Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin hanya ta yi mini tsawo da gajarta a lokaci ɗaya kamarta ba: ina so mu isa saboda Inna, ina tsoron mu isa saboda kaina. A wajen Agyaragu muka wuce jirginmu yana tsaye a daji, ya koma halinsa.

Ana kiran sallah muka shiga tasha. Baffa na zaune a bencinsa da buta, ya wanke hannu ɗaya. Direbobi da 'yan kamasho sun fi ashirin a wurin. Ya ga Inna ta fito daga motar Makurdi. Ya ajiye butar. Bai dube ta ba, ni ya duba.

"Daga ina?"

"Makurdi, Baffa."

"Asibitin Makurdi aka tura ku?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, na sani, don ya rufa wa gidan asiri a gaban yaransa. Da na ce i, da magana ta mutu a nan. Ina cikin haɗa ƙaryar a bakina Inna ta riga ni.

"Gada muka je, Tanko. Ginshiƙi na biyar, daidai gwiwa. Na gani da idona, na taɓa da hannuna. Yayanka bai yi ƙarya ba." Ta gyara mayafi. "Ga magariba ta yi mini a garinsa, a ɗakinsa kuma zan kwana. Matsa in wuce."

Ya matsa. Inna ta wuce, ta fita daga ƙofar tashar tana dafe da kafaɗata.

Ita ba wanda ya isa ya taɓa ta, don haka a kaina abin ya sauka. Bayan kwana uku Baffa ya tara dattawan dangi. Aka ce wanda bai tsare wa ubansa takaba ba bai cancanci ya zauna a mazauninsa ba. Uwar maƙera a gidanmu ba a raba ta a gado, dattawa ke miƙa ta ga wanda suka yarda da shi. Aka zo da amalanke, ƙarti huɗu suka ɗaga ta, ina tsaye. Ban hana su ba, domin da liman ya tambaye ni me ya sa ban gaya masa inda za mu ba, na san laifin nawa ne. Na sayi guntun ƙarfen layin jirgi na kafa a kan kututture, a kansa na yi ƙirar da na ciyar da ku duka. Idon Inna kuwa ya rufe saura kwana goma sha ɗaya ta fita takaba. Ta ƙara shekara shida a duniya, ban taɓa jin ta yi kukan makanta ba.

Baffa ya yi shekara goma sha ɗaya ba ya amsa gaisuwata. Bai zo sunan ko ɗayanku ba. Ku manyan kun tuna yadda muke tsallaka titi in mun hango shi. Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi ya aiko a kira ni. Na same shi ya rame, ya kori kowa daga ɗakin, har matarsa. Na zaci wasiyya ce, ko kuwa zai ce in ɗauki kayan ubana. Yana kallon rufi ya ce:

"Na biyar daga arewa kuka ce?"

Na ce i.

"Sau biyu ina zuwa. Ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na duba har wuyana ya ƙage. Ban ga komai ba."

Na ce an sake shafa fenti, ba a ganinta da ido, sai an durƙusa an shafa. Layi na ƙarshe, ta huɗu daga gefe. Ya ɗaga hannunsa daga kan bargo ya dube shi, hannun da ko kofi ba ya iya riƙewa a lokacin. Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne.

"Ban durƙusa ba," in ji shi.

Bayan kwana biyar ya rasu. Uwar maƙera dai bai ce a mayar ba, ni ma ban tambaya ba, kuma ban yarda waninku ya je ya tayar da rigima a kanta bayan raina ba. Ku bar musu, akuya ma tana bukatar wurin ɗauri. Wuƙar Inna tana cikin akwatina, a naɗe cikin tsohon zanenta, har yanzu da ɗan baƙin fenti a bakinta. Kada wanda ya wanke ta.